Kafin A Biya Kuɗin Fom: Yadda Iyaye Za Su Zaɓa Wa Yaro Kulob Ɗin Ƙwallo

Ranar Asabar da la'asar, a filayen unguwa daga Kano har Jos, akwai mutumin da ba a rasa shi: uban da ya jingine babur a gindin darbejiya, ya harɗe hannu yana jiran a sako ɗansa. Shi ya biya kuɗin fom, ya sayi but, ya ba da kuɗin jesi, daren jiya kuma ya ba da na mota. An je hutun rabin lokaci an dawo, an canza mutum uku, yaron na nan zaune a kan tsohuwar tayar da ake kira benci, rigarsa fes ko ƙura babu. Da alƙali ya hura tashi, uban ya ƙarasa wajen koci. Amsar makon jiya aka maimaita masa: "Alhaji, a ƙara haƙuri, lokacinsa na zuwa."

Ƙorafin iyaye kusan iri ɗaya ne ko'ina. Karo-karon da ba ya ƙarewa kuma ba rasit. 'Yan lelen koci da ba a taɓa cire su ko da sun kwana biyu ba su zo atisaye ba. Ƙarti masu gemu a gasar 'yan ƙasa da shekara 15. Zagi da ashar a bakin fili. Atisayen da ya cinye Islamiyya ya haɗa da magariba. Sai kuma romon bakan da ya fi kowanne tsada, wato "akwai Bature da zai zo kallonsu wata mai zuwa."

Da yawa daga cikin iyaye, idan tura ta kai bango, sai su cire yaro a fusace su kai shi kulob na gaba da suka ji ana yabo, bayan wata shida a tarar an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma yawancinta ba ta buƙatar ko kwabo. Tana buƙatar ido, da 'yan tambayoyi, da sanin ƙa'idoji kaɗan.

Wane irin kulob ake nema?

Abin da ake kira kulob ɗin yara a ƙasar nan ya kasu uku. Na farko kulob ɗin unguwa, wanda wani tsohon ɗan wasa ko malamin makaranta ya tara yara don sha'awa, ana karo-karo a sayi ƙwallo. Na biyu makarantar ƙwallo ta kuɗi, wadda ake cewa akadami: iyaye su biya, a koya wa yaro. Irin wannan ta daɗe a Najeriya. Kashimawo Laloko ya kafa Pepsi Football Academy tun 1992, kuma ta cikinta John Mikel Obi ya bi a Jos. Gwamnatin Kwara ma ta buɗe tata a Ilori a 2005. Na uku makarantar da ita ke zaɓar yaro ta ɗauki nauyinsa, ci da kwana da karatu, kamar Right to Dream da Tom Vernon ya kafa a Ghana a 1999. Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima ta Accra inda Hausa ke yawo a kowane lungu, daga ƙaramin kulob ɗin unguwa mai suna Strong Tower ya shiga can.

Kowanne da amfaninsa. Rikicin yana tasowa ne idan uba ya biya kuɗin na biyu yana tsammanin sakamakon na uku, ko ya ɗora wa kocin unguwa, wanda ko albashi ba shi da shi, nauyin kai ɗansa Turai. Yaro ɗan shekara tara abin da yake buƙata shi ne fili kusa da gida, abokai, da ƙwallo a ƙafarsa. Ɗan shekara 15 da ya yi fice a unguwa yana buƙatar kulob mai rajista da gasa ta gaske. Kai ɗan tara wurin ɗan 15 ɓarnar kuɗi ce, barin ɗan 15 a wurin ɗan tara kuma ɓarnar lokaci.

Yana da kyau kuma iyaye su san girman ƙofar da ake cunkoso a bakinta. Marubucin wasanni Michael Calvin ya yi lissafi a Ingila cewa cikin yara kusan miliyan ɗaya da rabi da ke buga ƙwallo a ƙungiyoyi masu tsari, kimanin 180 ne kawai za su kai ga gasar Firimiya. A ƙasar da ke da filayen ciyawa da likitoci ke nan. Saboda haka ma'aunin kulob shi ne abin da yaro zai fita da shi ko da bai zama ɗan wasa ba.

A je fili ranar da ba wasa

Ranar wasa kowa yana ado. Halin kulob yana fitowa ne ranar Talata ko Laraba, a atisaye, lokacin da ba wanda ya san uba zai zo. Ya kamata a je sau biyu ko uku ba tare da sanarwa ba, a samu gefe a zauna.

Abu na farko, a ƙirga ƙwallaye a ƙirga yara. Idan yara arba'in ne ƙwallo biyu, to yawancin lokacin zai tafi a tsayuwar layi. Daga nan uba ya zaɓi yaro guda, ba lallai ɗansa ba, ya bi shi da ido na minti goma, yana ƙirga sau nawa ƙwallo ta taɓa ƙafarsa. A wurin da aka jera yara ana jiran kowa ya buga sau ɗaya ya koma baya, da wuya ƙirgar ta wuce yatsun hannu. A wurin da aka raba su gida-gida, huɗu da huɗu a ɗan ƙaramin murabba'i da aka shata da duwatsu ko takalma, mai ƙirga zai gaji ya bari. Wannan gwajin kaɗai ya isa ya raba koci da mai busa usur.

A duba girman fili da girman ƙwallo. Ƙwallo tana da lamba: mai lamba 3 ta ƙanana ce, mai lamba 4 ta 'yan wajen shekara takwas zuwa 12, mai lamba 5 kuma ta manya. A Ingila an shafe shekaru ana hawa da yara mataki-mataki, daga biyar-biyar zuwa bakwai-bakwai, zuwa tara-tara, sai sun kai wajen shekara 13 su shiga sha ɗaya-sha ɗaya. Ɗan shekara takwas da aka saka a cikakken fili da ƙwallon manya gudu kawai zai koya, da dogon bugu ba kan gado. Haka nan hukumar ƙwallon Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka tun 2015, saboda kare ƙwaƙwalwa. Kocin da ke jera ƙanana yana jefa musu ƙwallo mai tauri a goshi sau hamsin bai bi zamani ba.

Sai kunne. Me koci ke faɗa idan yaro ya yi kuskure? Wanda ya tsayar da wasa, ya kira yaron da sunansa, ya nuna masa da ƙafarsa yadda zai karɓi ƙwallon ya juya, shi ne malami. Wanda ya zagi uwar yaro ko ya sa shi tsallen kwaɗo a rana, tsoro yake shukawa, kuma yaron da ke tsoron kuskure ba zai sake gwada yanka ba. A lura da fuskokin waɗanda ba su iya sosai ba: ana kula su, ko an bar su suna tsinto ƙwallo a bayan raga?

Zama da koci

Idan ido ya gamsu, sai a nemi zama. Ba a bakin fili bayan an ci su ba, lokacin da kowa ke huci. A sa lokaci, a gaisa, a yi masa godiya kan ɗawainiya, domin yawancinsu daga aljihunsu suke ciyar da abin.

Tambaya ta farko ita ce ta ilimi: ina ya koyi aikin? Hukumar ƙwallon Afirka, CAF, tana da lasisin koci hawa-hawa, daga D zuwa C, B, A, kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas tana horar da masu koyarwa. Rashin takarda ba ya nufin rashin iyawa, amma wanda ya ce yana da ita ba zai ji haushin nuna ta ba.

Ta biyu ita ce ta benci. A tambaye shi kai tsaye: yaran da ba su kai shekara 13 ba, kowa yana samun shiga wasa? Wasu kulob ɗin suna da ƙa'idar cewa duk wanda ya zo atisaye zai buga aƙalla rabin lokaci. Wanda ya ce shi kofi yake nema, gwanaye kawai zai saka, ya faɗi gaskiyarsa, sai uba ya auna ko ɗansa zai amfana.

Ta uku kuɗi. A nemi a rubuta duk abin da za a biya a shekara a takarda guda: rajista, na wata, jesi, mota, gasa. Kowane biya da rasit. Kulob ɗin da kuɗinsa ke fitowa kamar naman kaza, yau na alƙali gobe na "ganin manya", a yi hattara da shi. Kuɗin da ake karɓa don a saka yaro a wasa kuwa cin hanci ne, ko da wane suna aka raɗa masa.

Ta huɗu makaranta. Ƙarfe nawa ake farawa, ƙarfe nawa ake tashi? Ana dakatawa lokacin jarrabawa? Da azumi yaya ake yi? Koci nagari shi da kansa yake tambayar sakamakon zango, har ya ajiye gwaninsa a benci idan ya ji yana gudun aji.

Takarda ita ce shaida

Nan ne iyaye da yawa ba su san ƙarfinsu ba. A dokar hukumar ƙwallon duniya, FIFA, duk kulob ɗin da ya raini ɗan wasa daga shekara 12 yana da haƙƙin kuɗin horo idan yaron ya zama ƙwararre. Ban da wannan, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 da 23. Tun watan Nuwamba na 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Paris da ke bin diddigin waɗannan kuɗaɗe ta hanyar tarihin rajistar ɗan wasa a kwamfuta. Kulob ɗin da bai yi wa yaro rajista ba, ba shi da ko sisi a ciki. Ke nan duk wanda da gaske yake ganin yaro zai yi nisa, shi zai fi uba ɗokin yin rajista. A tambaya ko kulob ɗin yana ƙarƙashin hukumar ƙwallo ta jiha, wadda ita kuma ke ƙarƙashin hukumar ƙwallo ta ƙasa, NFF, sannan a je ofishin hukumar a tabbatar. A tambayi gasar da suke shiga. Gasa irin kofin Ramat da ƙungiyar YSFON ke shiryawa a Kano don tunawa da Janar Murtala Muhammad, kowa ya san da zamanta.

Kada a sa hannu a takardar da ba a karanta ba, kuma a karɓi kwafi. Dokar FIFA ta hana ɗan ƙasa da 18 sa hannu a kwantiragin ƙwararru da ya wuce shekara uku. Takardar da ke cewa yaro "mallakin" wani ne na shekara goma, a kai wa lauya kafin a taɓa biro. Asalin takardar haihuwa da fasfo kuma a gida suke kwana, kulob kwafi ya ishe shi.

Sai maganar da ake yi ƙasa-ƙasa: rage shekaru. Za a ce wa uba kowa haka yake yi, a zaftare uku ko huɗu. Tun 2009 FIFA ke amfani da hoton na'urar MRI na wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17, don ganin ko ƙashin ya gama haɗewa. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na wannan rukuni sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, amma a 2016, tana riƙe da kambun, 'yan wasanta 26 suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da ita. Yau ga lambar NIN da ke bin mutum daga jarrabawa zuwa fasfo. Yaron da aka sauya wa ranar haihuwa don gasar wata ɗaya zai iya shafe shekaru yana zarya a ofisoshi don gyara.

Ejan da labarin Turai

Yawanci haka damfarar take faruwa. Wani mai ƙananan kaya da tabarau zai tsaya a bakin fili, bayan wasa ya ja uba gefe. Ya nuna hotonsa da wani fitaccen ɗan wasa a waya, ya nuna takardar gayyata mai tambarin wani kulob, ya ce saura gurbi ɗaya, kuɗin biza da jirgi kawai za a kawo kafin Juma'a. An sayar da filaye da shanu a kan wannan magana.

Sashe na 19 na dokar sauya sheƙa ta FIFA ya hana kai ɗan ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don ƙwallo, sai da wasu 'yan dalilai, kamar iyaye su ƙaura saboda abin da bai shafi ƙwallo ba. Dokar ba ta tsoron manya: ta hau kan Barcelona a 2014, Real Madrid da Atletico Madrid a 2016, da Chelsea a 2019. Ahmed Musa ya tashi a makarantar GBS ta Jos, ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kaka guda, amma da VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi sai da ya jira ranar 14 ga Oktoba, 2010, ranar da ya cika 18, kafin ya samu izinin buga mata. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta Chile a 2015, duk da haka sai Janairun 2017 ya koma Wolfsburg, bayan ya cika shekarun. Kudus ma a 2018, shekarar da ya cika 18, ya fara buga wa Nordsjaelland ta Denmark. Idan waɗannan sun jira, mai cewa zai fitar da ɗan shekara 14 wata mai zuwa, ta wace ƙofa?

Inda ƙofar bayan take kaiwa sananne ne. A 2015 BBC ta bankaɗo yadda aka kwashi yara 23 'yan Afirka ta Yamma zuwa kulob ɗin Champasak United na ƙasar Laos, suna kwana a ƙasa cikin ginin filin wasa.

Ejan na gaske, wato dillalin 'yan wasa, yana da lasisin FIFA, wanda tun 2023 ake samu ta hanyar jarrabawa, kuma ana iya duba sunansa a shafin hukumar na intanet. Ba ya tunkarar ƙaramin yaro sai da amincewar iyaye a rubuce. Ƙa'idar gwaji a wata ƙasa ta hana karɓar kuɗi a kan gwajin. Takardar gayyata kuwa, a nemo adireshin kulob ɗin daga shafinsa, ba daga jikin takardar ba, a rubuta musu a tambaya.

Lafiya da amana

A watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a Kano, Sakkwato da Maiduguri. Atisayen tsakar rana ba tare da hutun shan ruwa ba ganganci ne. A duba ko akwai akwatin agajin gaggawa, da wanda ya iya amfani da shi, da abin hawan da zai kai yaro asibiti. A watan Maris na 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United, ya rasu, kuma a babbar gasar ƙasa ke nan. Kafin yaro ya fara, likita ya saurari zuciyarsa, a san jinin halittarsa saboda sikila, a gaya wa koci idan yana da asma, musamman da hunturu ke tafe da ƙura. Targaɗen da ya kumbura a yi masa hoto kafin a kira mai ɗori.

Idan za a yi tafiyar kwana, a san inda za su sauka, da manya nawa ne tare da su, kuma kada a yarda babba ɗaya ya keɓe da yaro a ɗaki. Ga 'yan mata, dole akwai mace babba a wurin. Kulob ɗin da ke hana iyaye kallon atisaye ya riga ya ba da amsa.

Idan za a tashi

Kafin yanke hukunci, a ji ta bakin mai abin. Ba a kan babur ana dawowa daga wasan da aka sha kashi ba. A bari ya yi wanka ya ci abinci. Sau da yawa uwa ce ta fi samun gaskiyar. Yaron da a da yake wanke but tun dare amma yanzu ciwon ciki ke kama shi duk ranar atisaye, akwai abin da yake faɗa. Wani lokaci kuma akasin haka ne: yaron yana jin daɗin abokansa, uban ne bencin ke ƙona wa rai. Uban da ke tsaye a bakin layi yana ba da umarnin da ya saɓa wa na koci, ko yana zagin alƙali, zai tafi da matsalarsa duk kulob ɗin da ya je.

Duka, cin zarafi, ƙaryar shekaru da riƙe fasfo ba su da jira, ranar ake cire yaro. Sauran matsaloli, kamar benci ko lokacin atisaye, a yi magana da koci sau ɗaya a fili, a ba shi wata ɗaya ko biyu. Idan ba sauyi, a nemi kulob biyu ko uku, a yi musu irin waccan ziyara ta bazata, a roƙi yaro ya yi atisaye da su na mako biyu kafin a biya komai. A auna nisa, domin kulob mai kyau da ke cin awa biyu a hanya ba zai ɗore ba. A fifita inda yaron zai buga a kan inda ake jera kofuna.

Sannan a yi sallama ta mutunci. A biya bashin da ya rage, a mayar da jesi, uba da ɗa su je tare su yi wa koci godiya, domin duniyar ƙwallo ƙarama ce, kocin yau shi ne mai zaɓen 'yan wasan jiha gobe. Idan yaron yana da rajista, a karɓi takardar sallama a rubuce mai ɗauke da ranar da ya shiga da ranar da ya fita, a kai wa hukumar jiha ta sauya sunan kulob. Uba ya ajiye kwafinta tare da takardar haihuwar yaron, don ita za a nema duk ranar da wani kulob ya tashi ɗaukarsa da gaske.